Millennium, gidan zu na Asokoro ko Tafkin Jabi: ina ya fi dacewa a kai iyali a Abuja?

Gidanmu da ke Kubwa ba ya rabuwa da baƙi idan hutun makaranta ya haɗu da Sallah. Bara ƙanwata ce ta zo daga Funtuwa da 'ya'yanta uku, ta tarar da Hajiya mahaifiyarmu wadda ta zo ganin likita saboda ciwon gwiwa, ga kuma nawa yaran huɗu. Tun ranar da suka sauka ba su da wata magana sai "Kawu, yaushe za a kai mu yawo?" Kuma suna da gaskiya. Yaron da aka ɗauko tun daga Funtuwa aka ce masa za shi Abuja, ba a yi masa adalci ba idan iyakarsa falo da talabijin, ya koma makaranta abokansa su tambaye shi me ya gani ya rasa ta cewa.

Cikin mako biyu muka zaga wurare uku da aka fi kai iyali a garin nan: filin shaƙatawa na Millennium da ke Maitama, gidan namun daji da wasan yara na ƙasa da ke Asokoro, da bakin Tafkin Jabi. Na sha zuwa kowannensu a baya, amma ban taɓa zuwa da mutum goma sha ɗaya ba, daga mai rarrafe har mai dogara sanda. A nan na gane cewa kafin mutum ya tambayi wane wuri ya fi kyau, gara ya fara duban mutum biyu a cikin tawagarsa: wanda ya fi kowa ƙanƙanta da wanda ya fi kowa tsufa. Su ne za su fara gajiya, kuma da zarar ɗayansu ya gaji an tashi ke nan, komai daɗin da saura ke ji.

Da Millennium zan fara, don shi ne babba, kuma shi na fi sani. Faɗinsa ya kai hekta 32, wato ya fi filin ƙwallo 40 idan aka jera su, kuma babu filin shaƙatawa na jama'a da ya kai shi girma a Abuja. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila a zamanin Obasanjo, har shugabannin da suka zo suka dasa itatuwa a ciki. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi, kuma tsarin ne ya sa wurin yake kamar gida biyu. Rafi ya ratsa tsakiyarsa. Ɓangaren da ake shigowa ta cikinsa lambu ne irin na Turawa, da miƙaƙƙiyar hanya da aka shimfiɗe da farin dutse, ruwa na bi ta gefenta, ga wuraren da ruwan ke tsartuwa sama idan ka yi sa'a ka tarar an kunna. Ɗaya ɓangaren kuwa an bar shi kusan yadda Allah ya yi shi, itatuwa da tudu da kwari da tsuntsaye. An rufe shi lokacin annobar korona, sai a 2022 aka sake buɗewa.

Abu na farko da ya ɗaga shi a kan sauran shi ne ba a biyan kuɗin shiga. Mai yaro ɗaya ba zai ga girman wannan ba. Amma wanda zai tsaya a ƙofa ya ƙirga kawuna goma sha ɗaya, ya ninka da kuɗin tikiti, shi ya san bambancin. Abu na biyu, kana iya zuwa da abincinka. Maiɗakina da ƙanwata sun tashi tun bayan Asuba suka yi dafa-duka da soyayyen naman Sallah, aka cika kula biyu, aka zuba zoɓo da kunun aya a robobi aka sa ƙanƙara. Abin da muka kashe ranar bai wuce kuɗin mai da na askirim ɗin yara da hoto biyu da mai hoto ya ɗauke mu ya wanko nan take ba. Akwai masu ba da hayar tabarma ga wanda bai zo da tasa ba, sai dai ta gida ta fi faɗi kuma ka san tsaftarta.

Ba zan manta da yadda Hajiya ta yi ba ranar. Muka samu wata inuwa mai kauri, aka shimfiɗa mata darduma a kan tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Can sai ta cire takalminta ta ɗora tafin ƙafarta a kan ciyawa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce da ƙanwata, "Rabona da in taka ɗanyar ciyawa haka tun ina kai wa babanku abinci gona." Autarmu, wadda lokacin ba ta fara tafiya ba, tana rarrafe daga cinyar wannan zuwa ta wancan, babu mai tsoron mota ko babur zai bi ta kanta. Awa huɗu muka yi Hajiya ba ta ce a tashi ba. Ga iyalin da ke da tsoho ko jariri, wannan kaɗai ya isa hujja.

To amma Millennium ba wurin injinan wasa ba ne. Fili ne da inuwa da iska. Yaro ɗan shekara uku zai yi ta gudu har ya faɗi ya tashi, ya ishe shi. Ɗan shekara goma sha biyu kuwa, in ba ka zo masa da ƙwallo ko ludo ko igiyar tsalle ba, bayan awa ɗaya zai zo ya tsaya a kanka yana neman wayarka. Mu ƙwallo ce ta cece mu, domin kafin a jima yaranmu sun haɗu da wasu da ba su taɓa gani ba, an kafa raga da takalma. Sai kuma tafiyar ƙafa. Daga inda ake ajiye mota zuwa inuwa mai kyau akwai ɗan rata, ga kula ga tabarma ga goyo. Idan da tsoho a tafiyar, a tura matasa su fara kama wuri kusa, kada a ce sai an kai shi can ƙarshen lambun don ya ga kyau. Rafin nan kuma, musamman da damina, a ja wa yara kunne a kansa tun daga mota.

Da za mu fita na tsaya da su a dandalin ruwan nan na haɗin kai da ke kusa, daura da otal ɗin Hilton, inda aka rubuta sunayen jihohin Najeriya a kewaye. 'Ya'yan ƙanwata suka bi suna karantawa har suka gano Katsina, suka tsaya aka ɗauke su hoto a gabanta. Wannan hoton ne ƙanwata ta fara turawa gida.

Gidan namun daji na Asokoro wani abu ne daban. Yana gindin Dutsen Aso, dutsen nan mai tsayin kusan mita 400 da fadar shugaban ƙasa ta samo sunanta daga gare shi, kuma ban san wani wuri da talaka zai tsaya ya ga dutsen kusa-kusa haka ba. Akwai ruwa kwance a gindinsa, akwai lilo da abin zamiya na yara, akwai kuma dabbobin da su ne ake zuwa dominsu. Ana biyan kuɗin shiga, na manya daban na yara daban, don haka a yi lissafin kawuna tun a gida.

Idan yaranka suna tsakanin shekara huɗu da goma, a ganina babu inda zai zauna musu a rai kamar nan. Ɗan ƙanwata na biyu, ɗan aji uku, ya san jimina a littafi kawai. Da muka iso inda take, sai ta miƙo dogon wuyan nan ta saman shinge ta zuba masa ido, ya ja da baya ya riƙe rigata gam, yana cewa a hankali, "Kawu, ashe ta fi ka tsawo." Har muka dawo gida yana auna ƙafarta da hannunsa yana nuna wa Hajiya yadda yatsunta biyu suke. Kada, birai, raƙumi, kunkuru, kowanne ya samu tambayoyinsa. Abin da yaro ya gani da idonsa a nan ya fi darasin mako guda, kuma gani ya kori ji.

Shawarata ga iyaye ita ce kada a yi wa yara alkawarin wata dabba da suna. Gidan namun daji ba ya zama yadda yake: dabba na tsufa, na ciwo, a ɗauke wata a kawo wata. Idan tun a gida ka ce "za ku ga zaki da giwa", duk abin da suka gani ba zai cika musu ido ba. Ka ce za a je ganin dabbobi, ka bar wurin ya ba su mamaki. Sannan lokacin zuwa yana da muhimmanci a nan fiye da ko'ina. Dabba ma tana gudun rana. Wanda ya iso ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris zai tarar kowacce ta lafe a lungun inuwa, kada ya nutse sai hancinsa, yara su yi ta leƙe ba su ga komai ba. Da hantsi ake zuwa, ko bayan La'asar.

Inda wurin ya gaza Millennium shi ne ba a zaune ake more shi ba. Dole a bi keji-keji da ƙafa. Hajiya ba ta je ba, kuma daidai muka yi da muka bar ta a gida, don da ta je da a benci ɗaya za ta wuni ita kaɗai. Autarmu kuwa a bayan uwarta ta yi barcinta, ba ta san an je ba. Ga mai jariri ko tsoho, rabin tawagar ne za su more. A kuma sa ido a kan hannun yara a gaban kejin birai: biri ba ya wasa da abin da ke hannun yaro, biskit ne ko ɗankwali.

Jabi kuma na yamma ne, kuma na mai ɗan abu a aljihu. Tafkin ba na asali ba ne, tare ruwa aka yi ya taru, amma iskar da ke tasowa daga kansa bayan La'asar babu irinta a cikin gari. A gefe ɗaya akwai filin shaƙatawa inda ake hawan doki, ake shiga kwalekwale ko jirgin ruwa mai inji, ga masu tsire da gasasshen kifi. A ɗaya gefen ga katafaren rukunin kantunan nan da aka buɗe a 2015, mai gidajen abinci da silima. Manyan 'ya'yanmu, 'yan sakandare, da za a tambaye su, Jabi za su zaɓa sau goma. Nan ne suke ganin sa'o'insu, nan ne hoto ke yin kyau idan rana ta yi ja za ta faɗi a kan ruwa.

Sai dai a Jabi kowane motsi da kuɗinsa. Doki na kowane yaro daban, jirgi na kowane kai daban, kuma ba za ka ɗora ɗaya ka hana shida ba. Idan aka taka ƙafa cikin kantunan kuwa, an shiga wani babi. Ni a mota nake yanke hukunci kafin a sauka: kowa zai hau abu ɗaya, doki ko jirgi, ya zaɓa. Yara suna karɓar doka idan an faɗa musu ita kafin su ga abin. Bayan sun gani, rigima ce.

Maganar ruwa kuwa ba na sassauta ta. Duk wanda zai shiga jirgi sai da rigar kariya, kuma wadda ta yi masa daidai, a ɗaure ta sosai. Rigar babba a jikin ƙaramin yaro ba ta da amfani, sulluɓewa za ta yi ta kansa. In babu daidai shi, ya haƙura ya hau doki. Idan an ga hadari ya haɗo a gabas, a fasa shiga ko an riga an biya. Mai yara ƙanana da yawa kuma babba ɗaya ko biyu, ban ga dalilin da zai kai su bakin tafki ba, domin wunin zai ƙare ne a "dawo nan, kada ka matsa". Hajiya ta je Jabi tare da mu, ta ji daɗin iskar, amma hayaniya da kiɗa sun yi mata yawa, kafin Magariba ta ce a mayar da ita.

Akwai na huɗu da yara za su ambata idan sun ji labarinsa, wato Magicland, wanda da ake kira Wonderland, kusa da babban filin wasa na ƙasa da ƙofar shigowa gari. Shi wurin injinan wasa ne zalla, a biya a ƙofa, a kuma biya kowane hawa. Ga yaro ɗaya ko biyu da aka yi wa alkawari saboda sun ci jarrabawa, ya yi. Ga yara bakwai, ni ban kai su ba.

Inda mutum yake zaune ma yana da ta cewa, domin Abuja gari ne mai nisan tsakani. Mu da ke Kubwa, da na Gwarimpa da Dutsen Alhaji, Jabi da Maitama sun fi mana sauƙi. Wanda ya fito daga Nyanya, Karu ko Mararaba, da ya iso shataletalen AYA ya kusa gidan namun daji, ba sai ya ratsa gari ba. Na Lugbe da hanyar filin jirgi, Magicland ce a bakin hanyarsu, Jabi kuma ba ta yi musu nisa ba. Wanda ba shi da mota ya tuna cewa an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, Keke Napep ma ba ta shiga Maitama da Asokoro. Zuwa ba shi ne matsala ba, dawowa ce. A Jabi ba a rasa abin hawa ko da dare ya fara. A Asokoro kuwa gara ka yi magana da mai tasin da ya kawo ka ya dawo ya ɗauke ku, ko ka kira ta waya tun kafin yara su gaji. Kada a tsaya bakin titi da mata da yara da almuru ana tare motar da ba a sani ba. Duk mazaunin Abuja ya san dalili.

Sallar farilla ma abar lissafi ce, don fitar wuni takan ci Azahar da La'asar. Ni a ko'ina buta da darduma suna bayan mota, da galan ɗin ruwa daban na alwala. A Millennium, ga fili ga inuwa, sai a yi jam'i a gefen tabarma, mata ma su samu inda za su ɗan kauce. Idan Juma'a ce, Babban Masallacin Ƙasa mintoci kaɗan ne a mota daga can, ana iya haɗa biyun: a yi sallah a masallacin da baƙi ke son gani dama, a wuce lambu a ci abinci.

Sai ranar da za a fita. Ranar Sallah da washegarinta, duk wuraren nan uku cika suke yi maƙil, har inuwa sai an yi sammakonta. A irin ranar ne ɗana na uku ya taɓa ɓace mana na kusan minti goma a shekarun baya, ya bi wani mai balan-balan, kuma ban taɓa jin minti goma mai tsawon wannan ba. Tun daga lokacin nake rubuta lambar wayata a takarda in sa a aljihun kowane ƙaramin yaro, in kuma haɗa kowane ƙarami da babba guda da zai riƙe shi. Wanda zai iya haƙuri zuwa rana ta uku ko ta huɗu, ko ya zaɓi tsakiyar mako a lokacin hutu, zai samu wurin kamar nasa. Game da yanayi, daga Afrilu zuwa Oktoba ciyawa kore shar take, amma ruwan Abuja yakan sauko da yamma ba sallama, don haka fitar safe ta fi. Disamba da Janairu babu fargabar ruwa, sai ƙura da sanyin safiya, a sa wa yara rigar sanyi a shafa musu mai. Fabrairu da Maris kuwa zafi ne sosai, wanda Jabi da yamma ce kawai ke maganinsa.

Da za a ce fita ɗaya tak zan iya yi da iyali irin namu, mai kaka da jariri da 'yan firamare da 'yan sakandare, Millennium zan kai su ba tare da dogon tunani ba, da ƙwallo da ludo a cikin kaya. Shi kaɗai ne a cikin ukun da babu wanda aka bari a baya, kuma aljihu bai yi kuka ba. Idan fita biyu ce, ta biyun gidan namun daji ce da hantsi, a ɗebi 'yan firamare kawai, a bar Hajiya da jaririya su huta a gida. Jabi in ajiye ta ga manyan yara, ranar da ƙanana suka gaji, a je bayan La'asar a dawo kafin Isha.

Ƙanwata ta kira ni makon jiya, ta ce bana ma suna nan tafe, har da 'yar kishiyarta da ba ta taɓa zuwa Abuja ba. Ta ce, "Yaya, yaron nan fa har yanzu maganar jiminarsa yake, ya ce sai an koma." Na ce mata za a koma in Allah ya yarda, amma ranar uku ga Sallah ta Hajiya ce, ta riga ta ce a kai ta inuwar nan tata. Na kuma ce ta taho da babbar tabarmar nan ta gidanta, don tamu ba za ta ɗauki mutum goma sha biyu ba.